Ƙundu Ashirin da Uku

In ana neman mutumin da bakinsa ya fi aljihunsa faɗi, to a nemi Ɗayyabu. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, ba kuma maƙaryaci ba. Magini ne mai hannu, in ya jera bulo ba sai an bi bayansa da igiya ba. Aibinsa guda ne: idan daɗi ya kama shi sai ya yi kyauta da abin da bai mallaka ba tukuna. Daɗin da ya kama shi a wannan shekarar kuwa shi ne zuwan matarsa Laure garin Tamanrasset, inda yake aikin gini.

Shekara huɗu Laure ta yi a Maradi tana zaman jiransa. Sau ɗaya yake leƙowa a shekara, ya yi wata guda ya juya, sauran watannin sai dai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direbobi su kai mata. A shekara ta biyar ta ce ta gaji da auren rediyo. Ta ɗaure kayanta, ta ƙulla daudawa da busasshen tattasai da yaji a tsumma, ta hau saman babbar mota, ta sha kwana shida a hanya. Saura kwana goma a kama azumi ta sauka a unguwar Gataa El Oued. Ɗaki ɗaya ta tarar, bulo ba shafe, rufin kwano an danne shi da duwatsu, da 'yar tsakar gida da ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ita dai ko gidan bene aka ba ta ba za ta fi haka murna ba.

Wanda bai yi murna ba shi ne Kawu Badaru, yayan mahaifiyar Ɗayyabu. Shi ya kawo Ɗayyabu da ƙanensa Khamisu garin, shi ya nema musu aiki, shi ya tsaya musu har aka ba su hayar ɗakin. Yana da butik a bakin kasuwa inda yake sayar da shayi da sukari da yadi. Shekararsa goma sha tara a nan, iyalinsa kuma suna can gida, bai taɓa kawo ko ɗaya daga cikinsu ba. In ya yi magana, ba a ɗora wata a kanta.

Ranar da ya zo yi wa Laure sannu da zuwa, ya amsa gaisuwarta da kyau, ya sa mata albarka. Da ta koma ɗaki sai ya juya ga Ɗayyabu, bai ko rage murya ba.

"Garin nan ba a riƙe mace da kuɗɗin yini. Ruwa saye, itace saye, hal albasa sai an ɗora ta bisa sikeli. Na ga waɗanda sunka gwada. Ta yi azumi, ta yi Salla. In na ga ba ku iyawa, akwai mota mai tahiya Agadas bayan Salla, ni da kaina zan sa ta gaba."

Labule ne kawai tsakaninsu, Laure ta ji komai. Tun daga ranar ta san Sallar nan ba Salla ba ce kawai. Kawu zai zo ya zauna, ya ci, ya duba, abin da ya gani a kwanonsa shi zai yanke ko ta zauna da mijinta ko ta koma zaman jira. Kuma tsoron komawar nan ya fi mata komai ciwo.

Azumin ya faɗo tsakiyar sanyi. Ɗayyabu da Khamisu suna can In Ekker, arewa da gari, suna gina wa wani ɗan kwangila katanga. Saura kwana uku Salla sai ga Khamisu ya diro daga wata mota, fari fat da ƙurar siminti, da kuɗin cefane a naɗe cikin yagen takardar buhu. Dinari dubu da ɗari shida.

"Amaryarmu, ga saƙon tsohon mijinki. In ya gaza ki faɗa mini, ni ina nan."

"Kai da ko tabarma ba ka da ita? Mutum nawa zan dafa wa?"

"Yaya ya ce in ce miki mu shida ne."

"Kai kuma mi ka ce?"

"Ni na yi lekkol aji uku, na iya lissahi."

Ya shiga lanƙwasa yatsu. Ya ƙare na hannu, ya sake zagayowa, yana kiran sunaye da garuruwa, wane na Tasawa, wane na Gazawa, 'yan Damagaram biyu, har da wani Bazabarme da ba wanda ya san yadda aka yi ya shiga. Ashe kullum aka zauna buɗa-baki a shantiye, wato wurin aikin ginin, ana tura makaroni da man gwangwani, sai Ɗayyabu ya ɗaga murya ya ce bana kam duk mai marmarin miyar gida ya zo gidansa ran Salla, matarsa ta iso. To wa zai ƙi? Mutanen da wasunsu shekara uku rabonsu da jin ƙamshin daudawa.

"Da Kawu, ashirin da uku," in ji Khamisu. Ya ga yadda fuskarta ta yi, sai ya tuna yana da wani saƙo a bakin kasuwa.

Laure ta zauna a kan turmi da kuɗin a tafin hannu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta shirya kalmomin da za ta tarbi Ɗayyabu da su, masu zafi, ta jera su ɗaya bayan ɗaya. Amma faɗa ba ya zama miya. Ta tashi ta yafa gyale ta shiga gidan maƙwabciyarta Hajjo.

Hajjo dattijuwa ce mutuniyar Agadas, mijinta ya rasu a garin ta ƙi komawa. Tana soya fanke da safe, tana sayar da turaren wuta da yamma, tana jin Larabci da yaren Buzaye, kuma ba mai awon da ya isa ya danne mata sikeli. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Maza ke nan, ɗiyata. Su gayyato da baki, ke ki cika da tukunya. Gobe da hantsi mu tahi kasuwa. Da ƙafa za mu, kuɗɗin taksi albasa ne."

Washegari suka tsallaka busasshen rafin da ya raba unguwar da gari, iska mai sanyi tana yankan kunne. Shinkafa suka fara saye, sannan mai, albasa, tumatirin gwangwani, tafarnuwa. Duk inda Laure ta miƙa hannu sai Hajjo ta buge shi, ta ja ta gaba, sai mai kaya ya kira su ya rage. Kafin su kai layin masu nama, kusan rabin kuɗin ya tafi.

Shagon mai kaji ya ba Laure mamaki. Ba keji, ba kuka, ba gashi a ƙasa. Wani Balarabe mai farar riga ne tsaye bayan firigo, akwatin sanyi mai gilashi, kaji kuma suna jere a ciki tsirara, ba kai ba ƙafa, an kawo su daga arewa a motar sanyi. Hajjo ta tambayi kuɗin guda, ya faɗa, ta juyo.

"Ya ce dubu talatin da biyar."

Laure ta dafa bango. A gida da dala ake ciniki, duk abin da aka faɗa sai ka ninka shi biyar kafin ka san abin da za ka ƙirga. Ta ninka, ta ga kuɗin saniya da ɗan maraƙinta.

"Inna, kazar nan ta je Makka ne?"

"Kwantar da hankalinki. Mutanen garin nan da santim suke magana. Cire sihiri biyu. Ɗari uku da hamsin ke nan."

Haka abin yake, a gida a faɗi kaɗan a biya da yawa, a nan a faɗi da yawa a biya kaɗan. Numfashin Laure ya dawo, amma bai dawo duka ba, domin ko da an cire sifirin, kuɗin hannunta kaji biyu za su saya, da ɗan abin da ya rage. Kaji biyu, ƙarti ashirin da uku. In aka raba, kowa zai samu abin da zai maƙale masa a haƙori ne kawai.

Ta nuna biyu masu ɗan gwaɓi, aka fito da su. Kamar yadda kowace mace za ta yi, ta juya ɗaya ta zura hannu cikinta. Ta laluba dama, ta laluba hagu. Ta ɗauki ta biyun, ita ma haka. Wayam.

"Inna," ta ce ƙasa-ƙasa, "an yi muna sata. Babu ƙundu."

Wannan ya fi tsadar tayar mata da hankali. Ko yarinyar da ta fara koyon hura wuta ta san kaza ba ta cika kaza sai da ƙundunta, kuma ƙundu na babban gida ne, ba ya wuce kwanonsa. A kai wa dattijo kaza ba ƙundu, gara a ce masa ba a dafa ba, don abin da zai ɗauka shi ne wani ya riga shi sa hannu. Kawu Badaru kuwa, da yake neman dalili, ga dalili an miƙa masa a faranti.

Hajjo ta yi wa mai kajin bayani da Larabci, tana nuna Laure, tana nuna cikin kazar. Mutumin ya yi murmushi, ya sunkuya, ya jawo wata babbar roba daga ƙasan firigo ya dire a kan tebur. Cike take da ƙundu, an fede an wanke, sun fi ɗari.

Laure ta tsaya baki buɗe. Tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ƙundu sun wuce uku a wuri ɗaya ba.

"A nan daban ake sayar da su, a kilo," in ji Hajjo. "Ba su damu da su ba sosai. Kilo guda bai kai rabin kuɗɗin kaza ba."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da farko guda biyu Laure ta yi niyyar saye, ɗaya don kowace kaza, a fita kunyar Kawu. Amma ta tsaya tana kallon robar, tana tuno hannayen Khamisu jiya, duk sun tsage da siminti, da sunayen nan da ya yi ta kira. Ƙundu nama ne tsantsa, ba ƙashi, yana kuma daɗewa a baki, mutum ya san ya ci wani abu. Ta naɗe hannun riga ta fara zaɓa da kanta, tana ɗorawa a kan sikeli tana ƙirgawa, har ashirin da uku. Mai kajin ya ga abin ya ba shi dariya, ya jefa mata ɗaya gyara.

Ranar jajibere da la'asar Ɗayyabu ya iso. Tun daga ƙofa yake sanɗa, don Khamisu ya gaya masa asiri ya tonu. Ya yi sallama da murya irin ta mai neman gafara, ya zauna a bakin tabarma.

"Kuɗɗin nan... sun isa kuwa?"

"Maigida, wanda ya gayyaci gari ai ya san abin da ya taka."

"Laure, don Allah."

"Ka wanke rigarka, gobe ka tahi Idi. Tukunya ba taka ba ce."

Ba ta gaya masa komai ba. Kalmomin nan masu zafi da ta jera sun huce tun a kasuwa, amma ta ga ya dace ya kwana da ɗan zullumi, ko zai koyi auna bakinsa.

Aka ga wata, aka sanar a rediyo. Da aka idar da sallar asuba maza suka shiga shirin Idi, Hajjo ta shigo da ƙatuwar tukunyarta a ka. Ruwan randa har cizo yake don sanyi. Suka haɗa murhu biyu a tsakar gida. Laure ta tafasa ƙundun da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa har suka yi laushi, ta tsame, ta soya su suka yi ja. Kajin ta yanka su ƙanana yadda wuƙa ta iya. Ta daka tattasan Maradi da daudawa, ta zuba cikin albasar da ta narke a mai, ƙamshi ya tashi ya tsallake katanga. Ba a jima ba matar Buzun da ke bayan gidansu ta miƙo farantin alkakin dabino ta saman bango, tana tambayar Hajjo mene ne wannan ake dafawa da ya hana 'ya'yanta zama.

Da miya ta haɗu, Hajjo ta tsamo ƙundun gyaran nan ta ɗora a murfin tukunya, ta raba shi biyu.

"Amshi. Wanga ba ya cikin lissahin kowa."

Laure ta waiga ƙofa tukuna, kamar mai shirin sata, sannan ta jefa a baki. Shekararta ashirin da shida a duniya, tun tasowarta tana dafa ƙundu tana kai wa, na babanta, na surukinta, na mijinta, ba ta taɓa sanin abin da suke ji ba.

"Ashe haka yake! Inna, ashe da gangan sunka hana mu."

Suka yi ta dariya har hayaƙi ya sarƙe su.

Hantsi ya ɗaga aka sauko daga Idi. Suka fara shigowa biyu-biyu, uku-uku, kowa cikin rigar da ya fi ji da ita, wasu sababbi da karin shago a jiki, wasu tsofaffi an wanke an danne ƙarƙashin katifa. Tsakar gida ta cika, aka shimfiɗa sauran tabarmi a bakin ƙofa. Ana ta barka da Salla, ana yafe wa juna, ana tsokanar Bazabarmen nan cewa shi dai wa ya gayyace shi. Kawu Badaru ya zo daga ƙarshe cikin babbar riga ruwan toka, aka ba shi buzu a jikin bango inda rana take sauka.

Laure ta zuba shinkafa a manyan faranti huɗu. A kowanne ta binne ƙundu a gefe-gefe daidai inda hannun kowane mutum zai sauka, ta rufe da miya, ta watsa gutsattsarin kaza a tsakiya. Na Kawu daban a kwanon sha mai murfi, da cinya guda da ƙundunsa a sama. Khamisu da Ɗayyabu suka fitar, ita ta koma bayan labule ta tsaya.

Aka yi bisimilla. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai motsin hannu da jan hanci saboda yaji. Kawu ya buɗe kwanonsa, ya ga ƙundu a inda ya kamata, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Laure ta gani ta ramin labule, ta sauke ajiyar zuciya.

Ba ta gama saukewa ba wani saurayi ya miƙe daga faranti na biyu. Salifu ne, ɗan Tasawa, mai ɗaukar bulo, yaro mai tarbiyya. Ya zo gaban Kawu ya durƙusa da abu a hannu.

"Baba, ga naka ya ɓato cikin namu."

Ya ajiye ƙundu a murfin kwanon. Kawu ya ce Allah ya yi albarka, kaji biyu ke nan, ba laifi. Salifu bai koma mazauninsa ba wani ya taso daga bakin ƙofa, shi ma da nasa. Sai na uku. Sai biyu a tare, suna kallon juna. Duk wanda ya zura hannu sai ya ci karo da ƙundu, kuma duk cikinsu ba wanda uwarsa ba ta koya masa inda ƙundu yake zuwa ba. Layi ya kafu a tsakar gida kamar ranar biyan albashi. Murfi ya cika, aka kawo faranti. Ɗayyabu da kansa ya tono ɗaya a gabansa, ya kai.

Laure ta dafe kai a bayan labule. Duk lissafin da ta yi, wannan bai zo mata ba.

Kawu ya daina ci. Ya sa yatsa yana ture su ɗaya-ɗaya, leɓensa yana motsi. Ɗan kasuwa ne, ba ya ƙirga abu sau biyu, amma wannan sai da ya maimaita.

"Ashirin da uku," ya ce.

Kowa a wurin ya san kaza ƙundu ɗaya gare ta. Maganar ta zagaya tabarmi har waje: kaji ashirin da uku! Wani ɗan Damagaram ya fara yi wa Ɗayyabu kirari, wai magini ya fi mai kwangila. Shi kuwa Ɗayyabu gumi yake a cikin wannan sanyi, yana lissafin kuɗin wata guda cur na ɗora bulo, yana tunanin ko 'yan kunnen aurenta ta sayar. Kada a yi mamakin yadda maza ashirin da uku suka kasa ganewa. Masu aikin gini burodi da kifin gwangwani suka sani, Kawu kuma a shekara goma sha tara bai taɓa taka shagon mai kaji ba. Abin da namiji ya sani game da kaza yana farawa ne daga lokacin da ta iso gabansa a kwano.

Fuskar Kawu ta haɗe. Ya ɗaga hannu, mai kirari ya haɗiye sauran, sannan ya juya ga Ɗayyabu.

"Abin da na ji tsoro ke nan. Na ɗauka rashi zai kore ta, ashe ɓarna ce. Kira mini ita."

Laure ta gyara gyale ta fito. Tana jin motar Agadas kamar ta riga ta tsaya a ƙofar gida. Ta durƙusa daga nesa, ta sunkuyar da kai.

"Barka da Salla, Baba."

"Barka kadai. Ɗiyata, kaji nawa kinka yanka?"

"Biyu, Baba. Su ma ba ni na yanka ba, a yanke na same su."

"Biyu." Ya nuna farantin. "To waɗannan fa? Kajin garin nan ƙundu goma sha ɗaya da rabi gare su?"

Wani ya tuntsire a baya, aka zungure shi. Laure ta faɗi yadda aka yi, tun daga hannun da ta zura ta ji wayam har zuwa robar da aka jawo daga ƙasan firigo. Hajjo tana bakin murhu tana cewa ƙwarai, a gabanta aka yi. Kawu ya tambayi kuɗin kilo, aka gaya masa. Ya tambayi abin da aka kashe gaba ɗaya, Laure ta kwance bakin zanenta ta ajiye dinari arba'in a kan tabarma, ta ce wannan ne ya rage.

Kawu ya dubi kuɗin, ya dubi faranti huɗu, ya dubi mutanen da ke zaune har waje. Haɗewar fuskarsa ta fara saki, amma bai gama ba.

"Na ji. Amma tunda kin san ƙundu na babba ne, don mi kinka watsa shi cikin farantin yara?"

Nan ne Laure ta ɗan ɗago. Ta ce:

"Baba, a nan ne suke yara. Wasunsu suna da mata da ɗiya a gida, da sun yi Salla can, su za a kai wa. Sun baro gidajensu don su riƙe su, ba mai kai musu. Na ce yau ɗaya dai, kowa shi ci nashi."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Kawu ya daɗe yana kallon farantin. Shi ma Salla goma sha tara ke nan, in ban da uku ko huɗu, a bakin butik yake yin ta da shayi da burodi, ƙundunsa yana can Maradi ana ba wa wani. Ya yi gyaran murya, ya ce hayaƙin itacen garin nan ba shi da kyau ga ido.

"To mi kuke jira?" ya daka wa samarin tsawa. "Kowa shi zo shi ɗauki nashi. Ni ciki ɗaya gare ni."

Layin ya sake kafuwa, wannan karon da ihu da ture-ture. Ana gardamar wane ne na wane, Khamisu yana rantsuwa nasa ya fi wannan girma an musanya masa. Bazabarme ya ɗaga nasa sama ya ce daga yau a riƙa ce masa Alhaji. Sai Salifu ne ya koma wurinsa ya zauna da nasa a hannu bai ci ba. Ɗayyabu ya tambaye shi lafiya.

"Babana ya rasu bara, ina nan," ya ce. "Ni ne babba yanzu. Ban taɓa ci ba."

Kawu ya jiyo. Ya ce, "To ci, maigida. Ka yi bisimilla ka ci."

Ya ci, yana dariya hawaye suna zuba, na kusa da shi suna bubbuga bayansa. Daga nan aka koma kan shinkafa da gaske. Aka siɗe faranti huɗu tas, aka nemi ƙanzo, aka kawo alkakin dabinon maƙwabta aka bi da shi. Wani ya hura gawayi ya ɗora shayi. Har azahar ana hira, ana ba da labarin Sallar gida, kowa yana cewa ta garinsu ta fi. Ɗayyabu ya dawo da bakinsa, har ya fara cewa ai shi dama ya san abin da ta shirya. Laure ta leƙo ta dube shi sau ɗaya, ya koma zuba shayi.

Duk wannan daɗin, ita ba ta saki jiki ba. Kawu ya ci, ya sha shayi har kofi uku, ya yi dariya, amma bai ce komai a kan maganar da ta dame ta ba. Da ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa don yi masa sallama. Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya.

"Ɗiyata, rago ƙundu gare shi?"

Ta rasa inda tambayar ta dosa. "A'a, Baba. Rago ba shi da ƙundu."

"To kin gani. Wagga dabara ba za ta fisshe ki ba ran Layya. Wata biyu da kwana goma sunka rage, ki fara tunani tun yanzu yadda za ki yi da mu."

Ya sa ɗaya takalmin ya fita, Ɗayyabu ya bi shi da buzu a hammata. Laure tana nan durƙushe, sai da ta maimaita maganar a ranta sau biyu kafin ta gane abin da yake nufi. Ta miƙe, ta juya ta ga Hajjo tsaye da ludayi a hannu tana jiran labari.

"Inna," ta ce, "ya ce in dafa na Layya."

Hajjo ta yar da ludayin ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi ranar kai amarya, har matar Buzun ta leƙo ta saman bango tana tambayar wa aka aurar.